Soson Feshi a Kan Tulluwa: A Sanya Shafen Kariya Cikin Lissafin Gini

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin magina da masu ba da aikin gini, musamman a karkarar Jigawa da Kano, kan wani al'amari da na ga ana yi masa riƙon sakainar kashi. Al'amarin kuwa shi ne shafen da ake yi wa soson feshi, wato wani kumfa da ake fesawa a jikin gini ya ƙame, domin kare shi, idan an yi amfani da shi wajen tare zafi a ɗakin da aka yi wa rufin tulluwa, wato ƙubba. Na yi rayuwar aikina ina duba gine-gine a ƙauyuka, kuma abin da nake so in faɗa a fili shi ne, duk wanda ba shi da kuɗin shafen, ko ba shi da niyyar sabunta shi idan lokacinsa ya yi, to kada ya yarda a fesa masa soso tun farko, domin soson da aka bari a buɗe asarar dukiya ne idan yana waje, kuma barazana ce ga rai idan yana cikin ɗaki.

Ban ga laifin masu sha'awar wannan gini ba ko kaɗan. Wanda ya kwana a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Haɗeja da Gumel da Ringim, ya san dalilin da ke sa mutane shimfiɗa tabarma a tsakar gida har asuba. Da damina ta kunno kai kuma sai iskar farkon ruwa ta yaye kwanon da aka ci bashi aka saya, a watan Agusta kuwa soraye su jiƙe su zube, kamar yadda muka gani da idonmu a ambaliyar 2022 da ta raba dubban mutanen Jigawa da muhallansu. Tulluwa ba ta buƙatar katako ko ƙusa, iska ba ta samun bakin da za ta kama, ruwa kuma ba ya kwanciya a kanta. Idan aka haɗa mata da soso mai kaurin santimita 7 ko 8, zafin rana ba ya ratsawa sai kaɗan. Saboda haka matasanmu da ke ganin hotunan irin waɗannan gidaje a Facebook suna da hujjar sha'awa, ni ma ina cikin masu fatan a ga an gwada su a nan. Sai dai hotunan suna nuna ranar da aka gama aiki ne, ba sa nuna ginin bayan damina uku.

Soson da nake nufi shi ne wanda ake kira foliyuretan, wanda wani masanin sinadarai Bajamushe, Otto Bayer, ya gano asalin haɗinsa a 1937. Ruwa biyu ne a durom daban-daban, inji ya ɗumama su ya tura su ta tiyo, su haɗu a bakin bindigar feshi, suna sauka a jikin bango sai su kumbura ninki talatin ko fiye cikin daƙiƙoƙi, su ƙame. Cikinsa ƙananan kumfa ne marasa adadi, kowanne a rufe da iskar gas a ciki, kuma wannan gas ɗin da ke tsare shi ne ke hana zafi wucewa. Ya bambanta da soson katifa, wanda ƙofofinsa a buɗe suke yana shan ruwa, ya kuma bambanta da farin soson nan mai ɓarɓashi da ake samu a kwalin talabijin ko firji. Wanda ya taɓa ganin an fasa tsohon firji ya ga irinsa, shi ne abin nan mai ruwan ɗorawa da ke tsakanin ƙarfen waje da robar ciki. A cikin firji yana shekaru bai canza ba, saboda ba ya ganin rana.

Rana ce babbar abokiyar gabarsa. A cikin haskenta akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultrabayolet, shi ne ke cinye leda da bokitin roba da aka bari a fili har su riƙa karyewa a hannu. Soson feshi ya fi su rauni a gabansa. Cikin 'yan kwanaki launinsa yakan juya daga fari-fari zuwa ruwan ɗorawa mai duhu, daga nan ya koma ja-ja kamar ƙasa, fuskarsa ta zama gari. An taɓa kirana in duba wani rumbun ajiyar iri mai rufin tulluwa a wata gona, wanda aka fesa wa soso ta waje, mai aikin ya karɓi kuɗinsa ya ce zai dawo da fenti, bai dawo ba. Da na hau tsani na goga tafin hannuna a jikinsa sai hannun ya fito da jan gari kamar na daddawar da ta bushe, da na danna babban yatsana kuwa sai ya nutse, wurin bai dawo ba. A gefen da ruwa ke gangarowa akwai ƙananan ramuka da tsuntsaye suka tsattsaga, kuma da na matsa bakin ɗaya daga ciki sai ruwa ya tsattsafo, alhali an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba. Soson da ya sha ruwa ya daina aikin da aka saye shi dominsa, domin ruwa yana ɗaukar zafi ya wuce da shi, sannan yana riƙe laima a jikin ginin dare da rana. Iska da ruwa suna wanke garin da ya fito, rana ta sake samun sabuwar fuska ta ci, haka abin ke tafiya shekara bayan shekara har kaurin ya ƙare.

Su kansu waɗanda suka ƙirƙiro wannan salon gini ba su bar soso a fili ba. 'Yan'uwa uku ne a Amurka, David da Barry da Randy South, suka gina ƙubbarsu ta farko a garin Shelley na jihar Aidaho a tsakiyar shekarun 1970, domin ajiyar dankalin Turawa, suka kuma yi wa dabarar rajista a 1979. Yadda suke yi shi ne, a zuba harsashi zagaye, a ɗaura masa wani ƙaton tanti mai rufin roba, a hura shi da iska ya tashi ya zama ƙubba, sai ma'aikata su shiga ciki su fesa soso a jikin tantin, su ɗaura rodi a jikin soson, sannan su fesa kankare ya rufe rodin. Idan an gama, soson yana tsakiya, tanti na kare shi daga rana da ruwa ta waje, kankare na kare shi daga wuta ta ciki. Duk da haka suna gargaɗin masu gidajen cewa tantin ma rana na cinsa, dole ne a shafe shi ko a rufe shi kafin ya tsufa ya yage. A gefe guda kuma akwai gidajen da aka kira Xanadu, waɗanda aka yi jikinsu da soson feshi a kan balan-balan domin nuna wa jama'a gidan zamani mai zuwa. Wanda ya fi suna a cikinsu an buɗe shi a Kissimmee ta jihar Fulorida a 1983, aka rufe shi a 1996, ya zauna babu mai kula da shi har laima da fumfuna suka cinye shi, aka rushe a 2005.

A wurinmu da wuya a bi hanyar tanti da injin fesa kankare, saboda tsadar kayan da ƙarancin masu iya sarrafa su. Abin da ya fi sauƙi, kuma shi na ga an fara gwadawa, shi ne a gina tulluwar da jan bulo ko kankare, sannan a fesa soson a bayanta. Ta fuskar tare zafi wannan daidai ne, domin ginin mai nauyi yana ciki yana riƙe sanyin dare, soson kuma yana waje yana hana rana dafa shi. Amma wannan tsari ya ɗora dukan nauyin kariya a kan shafe, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba a mafi yawan lokuta. Shi ne zai fuskanci rana da ruwa da ƙura da ƙanƙara da bakin tsuntsu, kuma abin takaici shi ne abu na farko da ake yankewa idan kuɗi suka fara ƙarewa.

Iyayenmu magina ba su taɓa ɗaukar shafe a matsayin ado ba. Tulluwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ga ta nan a Gidan Makama da Gidan Rumfa a Kano, ga masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, inda baka ke tashi daga ginshiƙai su haɗu a sama da azara a cikinsu. Ginin ƙasa ne, kuma ƙasa ba ta jure ruwa, don haka aka samar da makuba daga ɓawon ɗorawa, aka kuma samar da laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga karofi, da gashin jima, da dafara mai yauƙi. Sun san inda za su kafa indararo ruwa ya faɗa nesa da bango, kuma kowane maigida ya san cewa kafin saukar damina akwai hawa soro a duba tsaga a yi yaɓe. Wanda ya bar wannan aiki shekara biyu ba ya zargin kowa idan ɗakinsa ya yi yoyo. Kayan ne suka sauya yanzu, amma nauyin da ke kan maigida yana nan yadda yake, kuma ina ganin wanda ya taso a gidan ƙasa ya fi kowa saurin fahimtar haka idan an yi masa bayani na gaskiya.

Shafen da ya dace da soso dole ya kasance mai miƙewa kamar roba, domin soson yana buɗewa da rana ya tsuke da dare, musamman a hunturu da tazarar zafin rana da sanyin asuba ke da yawa. Mafi araha shi ne na akirilik, wanda ake haɗa shi da ruwa, ana iya shafa shi da rola ko buroshi, ana wanke kayan aiki da ruwa, kuma fari ne tas mai mayar da mafi yawan hasken rana. Rauninsa biyu ne. Idan ruwan sama ko raɓa ta same shi kafin ya bushe sai ya wanke, kuma idan ruwa ya kwanta a kansa kwanaki sai ya yi laushi ya ɗago. A kan tulluwa rauni na biyun bai cika damuwa ba tunda ruwa gangarewa yake yi, sai dai a kula da kwarin da ke tsakanin tulluwa biyu da aka haɗa, da kuma bayan rawanin gini inda ruwa ke taruwa kafin ya sami indararo. A ganina shi ne ya fi dacewa da gidan talaka a nan, saboda maigida da kansa zai iya sabunta shi ba tare da inji ba.

Na silikon ya fi shi jure rana da kwantaccen ruwa, kuma kusan duk abin da aka shafa yana zama a jikin gini, ba ya ƙafewa ya ragu da yawa. Amma yana da tsada, yana da saurin yagewa idan abu mai kaifi ya taɓa shi, yana kama ƙura ya dushe, wanda a ƙasar hunturu ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu abin da ke kama jikinsa sai wani silikon ɗin. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya kamata mutumin karkara ya yi tunani a kai, domin idan shekara goma ta wuce aka nemi irinsa a kasuwa aka rasa, ba za a iya ɗora wani fenti a kansa ba. Akwai kuma shafen foliyuretan da ɗan'uwansa foliyuriya, waɗanda suka fi sauran tauri da jure taku da bugu, sai dai wasunsu rana tana dusar da su sai an ƙara musu wani a sama, kuma foliyuriya yana bushewa cikin daƙiƙoƙi, ba ya yiwuwa sai da inji da ƙwararren hannu. Masu ɗakin sanyi na ajiyar kifi ko tumatir suna da tasu buƙata daban, ta shafen da ke hana tururin ruwa ratsawa, irin na robar butil, amma wannan ba maganar gidan kwana ba ce.

Abin da ba zai yi ba shi ne fentin bango na yau da kullum. Ba shi da kauri, ba ya miƙewa, kuma kafin damina ta zagayo zai tsattsage, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwalta ma, wadda mutanenmu suka yarda da ita wajen tare yoyo, ba ta dace ba idan za a bar ta baƙa a fili, domin baƙin abu a ranar bazara yana ɗaukar zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ta yi laushi ta zubo da rana, ta bushe ta fashe da sanyi, ga shi ta mayar da saman ginin murhu alhali an sayi soso ne don gudun zafi. Idan kuma farin soson kwali aka yi amfani da shi, to kwaltar da aka tsinka da fetur ko kananzir narkar da shi take yi nan take.

Inda aka fi cutar masu gida shi ne wajen kauri, domin ido ba ya bambance shafe mai kauri da marar kauri ranar da aka gama, duka fari ne. Kamfanonin da ke yin waɗannan kaya suna neman kaurin da ya kama daga rabin milimita zuwa milimita ɗaya bayan ya bushe. Lissafin ba shi da wuya, kuma ina so kowane mai karatu ya riƙe shi. Lita ɗaya idan aka baza ta a murabba'in mita ɗaya tana ba da kaurin milimita ɗaya tana ɗanya. Akirilik kusan rabinsa ruwa ne da zai ƙafe, don haka wanda ke son kashi uku cikin huɗu na milimita sai ya zuba kimanin lita ɗaya da rabi a kowane murabba'in mita. Tulluwar da ta yi rabin ƙwallo cif, fatarta ninki biyu ce ta daɓen da ta rufe. Ɗaki zagayayye mai faɗin mita 6 daɓensa murabba'in mita 28 ne, amma bayansa ya kai 56 da ɗoriya, wato zai ci lita 85 ko kusa da haka, fiye da bokiti huɗu masu lita 20. Idan ɗan kwangila ya zo da bokiti biyu ya ce sun isa, to ko dai zai tsinka da ruwa ko zai ja shi siriri, kuma a duka biyun maigida ne zai biya daga baya. A ƙirga bokitan a gaban maigida kafin a buɗe, a kuma ajiye su bayan an gama. A yi shafen hawa biyu aƙalla, na farko mai launin toka, na biyu fari, a ja na biyun a gicciye kan na farko. Amfanin bambanta launin shi ne duk inda aka tsallake zai nuna kansa, sannan bayan shekaru, ranar da toka ta fara leƙowa ta ƙarƙashin fari, maigida ya san lokacin sabuntawa ya yi ba sai ya kira injiniya ba.

Fuskar soson ma tana da hukunci. Idan ta fito sumul ko da ɗan gurji irin na ɓawon lemo, shafe zai rufe ta. Idan ta fito da ƙulle-ƙulle kamar gugguru ko da rarrabe kamar ɓawon itace, alama ce ta cewa injin bai daidaita ba ko iska ta yi yawa, kuma komai yawan fentin da aka zuba akwai ramukan da ba zai shiga ba. Irin wannan wuri sai an kankare an sake.

Sai maganar lokaci, wadda takardar da ke jikin bokiti ba za ta faɗa wa mutumin Jigawa ba, tunda ba don yanayinmu aka rubuta ta ba. Ƙa'ida ita ce a yi hawan farko a ranar da aka fesa soson, ko washegari, kada dai a wuce kwana uku, domin da zarar fuskar ta fara gari shafen zai kama garin ne, ba soson ba. Ba a feshi a jikin gini mai laima, saboda ɗaya daga cikin sinadaran biyu da ake haɗa soson da su yana haɗuwa da ruwa ya fitar da iska, soson ya yi bororo ya rabu da bango, wannan ya fitar da watannin Yuli da Agusta da Satumba daga lissafi. Tsakiyar hunturu kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana sauka a kan komai, tana shiga tsakanin hawa da hawa ta hana su kama juna, iskar kuma tana kwashe feshin ta kai shi kan babura da shanyar maƙwabta. Lokacin da na fi yarda da shi shi ne daga ɗaukewar ruwa zuwa kafin hazo ya yi kauri, wato ƙarshen Oktoba da Nuwamba, a fara da hantsi bayan raɓa ta bushe, a tsaya kafin la'asar domin ya samu bushewa kafin dare. Wanda ya kai bazara sai ya guji tsakar rana, domin fuskar shafen takan bushe da sauri ta kulle ruwa a ƙarƙashi.

Gidan ƙauye yana da nasa maƙiyan da gidan birni ba shi da su. Kaji suna tsattsagar soso da zarar sun ga ɓarɓashinsa, awaki suna goga jiki da ƙaho, yara suna hawa da wasa, ɓeraye suna yin gida a ciki. Babu wani fenti da zai tsaya wa waɗannan. Daga ƙasa zuwa inda hannun babban mutum ke kaiwa, a sa ragar waya a yi filasta ta siminti, sannan a bi filastar da shafe mai miƙewa, domin ita ma za ta tsage. A saman kuma, watsa tsakuwa ƙanana ko yashi mai kaushi a kan hawan ƙarshe tun yana ɗanye yana rage ɓarnar tsuntsaye. Gara ba ta cin soso a matsayin abinci, amma tana haƙa hanya a cikinsa ta hau har inda katakon ƙofa da taga suke ba tare da an gan ta ba. Shi ya sa dokar gini a yankunan Amurka masu yawan gara ta ce a bar tazarar santimita 15 tsakanin soso da ƙasa. Mu da muke kwana da shuri a bayan gida mun fi su buƙatar wannan tazara, a bar ta a buɗe yadda za a riƙa ganin hanyar gara idan ta taso.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne soson da aka fesa ta cikin ɗaki aka bar shi haka, ko aka bi shi da fenti kawai. Soso yana cin wuta, har wanda aka ce an sa masa maganin wuta, kuma hayaƙinsa baƙi ne mai ɗauke da iskar kabon monoksaid da sayanaid, waɗanda ke kayar da mutum kafin harshen wutar ya iso gare shi. A watan Fabrairun 2003 wuta ta kama soson da aka manna a bangon wani gidan rawa a jihar Rod Ailan ta Amurka domin rage ƙara, ba tare da an rufe shi ba, cikin 'yan mintuna ginin ya kama baki ɗaya, mutum 100 suka rasu. Dokar ginin ƙasar ta wajabta a raba soso da ɗakin da mutane ke zaune da abin da zai tsare wuta minti 15, kamar allon jifsam mai kaurin milimita 12 da ɗoriya. A tuna yadda ɗakunanmu suke da daren hunturu, ga kaskon gawayi an shigo da shi don jin ɗumi, ga turaren wuta, ga maganin sauro na kunnawa a gindin gado, ga yara a kwance, ƙofa ɗaya ce kuma an kulle ta da sakata. Tulluwa tana tara zafi da hayaƙi a ƙoƙonta, daidai inda soson yake. Shafen da ke kare soso daga rana ba ya kare shi daga wuta ko kaɗan, aikinsu daban ne. Idan soso yana ciki, sai an rufe shi da filasta mai kauri a kan raga, ba a bar ko tafin hannu a buɗe ba, har da kewayen wayar lantarki da ramin fanka. Wanda ba zai iya wannan ba, ina roƙonsa da girman Allah ya mayar da soson waje ko ya haƙura da shi.

Yaran da ke riƙe bindigar feshi su ma suna da haƙƙi a kanmu. Sinadarin aisosayanet da ke cikin ɗaya durom ɗin yana haddasa asma wadda kan zauna wa mutum har ƙarshen rayuwarsa, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Suna buƙatar takunkumi na musamman da tabarau da safar hannu da rigar da ta rufe jiki, iyalin gida kuma su kaurace wa wurin aƙalla kwana guda.

Game da soron ƙasa na gargajiya, ban ba da shawarar a fesa masa soso ba. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa, idan aka kulle ta da abin da ba ya numfashi, ruwan da ya samu shiga ta wata ƙaramar tsaga ba shi da mafita, zai jiƙa ginin a ɓoye har ranar da zai sauko. Mun ga irin haka a bangayen ƙasa da aka yi wa filastar siminti, ta ɓanɓaro da ƙasar a jikinta. Masu son rufin ƙasa marar katako su duba aikin ƙungiyar da ke yaɗa rufin baka irin na Nubiya, wadda ta fara a Burkina Faso a shekarar 2000, inda suke shimfiɗa leda a kan rufin su binne ta da ƙasa domin kada rana ta gan ta.

Ina kira ga duk mai ba da irin wannan aiki da ya rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a ambaci sunan shafen da adadin litocinsa da yawan hawa, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai an gama hawan ƙarshe, a yanki ɗan ƙaramin wuri da reza a ga kaurin da ido, a toshe. A ƙasashen da suka daɗe da wannan sana'a ana sabunta shafe bayan shekara 10 zuwa 15, mu kuwa da ranarmu ta fi tasu ƙarfi kada mu jira adadin shekaru, a hau a duba kafin kowace damina da bayanta, a wanke ƙura, duk ramin da aka gani a yanke jiƙaƙƙen soson a bar shi ya bushe a cike. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sa ido kan bokitan da ake sayarwa da sunan fentin rufi, domin a san abin da ke cikinsu ya yi daidai da abin da aka rubuta. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, wato NBRRI, tare da sassan koyar da gini na Jami'ar Bayero da kwalejojin fasaha na Kazaure da Dutse, su gina ƙananan tulluwoyi na gwaji a fili, su shafe su da kaya iri-iri, har da laso da makuba a kan filasta, su bar su a rana da ruwa suna aunawa, sannan su fitar da sakamakon da Hausa a rediyo da jaridu yadda magini a Ɓaɓura ko Gwaram zai ji ya yi aiki da shi. Ma'aikatun ayyuka da gidaje na jihohin Jigawa da Kano kuma, idan za su gina irin waɗannan ɗakuna ga waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu, su ware kuɗin sabunta shafen tun a takardar kwangila, su kuma koya wa matasan kowane gari yadda ake yinsa da rola.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu, tsohon mai duba gine-gine,
daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa.